Na tura bidiyon malam a guruf ashe na bogi ne, gwaggona ta yi asarar kuɗin adashenta, meye hukuncina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah ina da tambaya, abin ya hana ni barci. Ni ne admin na guruf ɗin danginmu a WhatsApp, mun kai mu saba'in a ciki. Kwanakin baya wani abokina ya turo min bidiyon wani babban malami da duk gidanmu muke sauraron tafsirinsa, yana zaune kan kujerarsa da rawaninsa yana cewa akwai wani kamfani na halal da za ka zuba kuɗi a ninka maka cikin sati biyu, har yace shi ma ya zuba. Wallahi Malam muryarsa ce sak, har irin gyaran muryar da yake yi. Ban yi wani dogon tunani ba na tura a guruf, amma na rubuta a sama "kamar yadda aka turo min". Gwaggona ta kwashi adashenta naira dubu 150 ta tura musu, kwana goma shafin ya rufe, lambarsu ma ta daina shiga. Daga baya almajiran malamin suka fitar da sanarwa cewa bai taɓa faɗin haka ba, da AI, wato ƙirƙirarriyar basira, aka haɗa. Gwaggo ba ta ce min komai ba amma ko gaisheta na je sai na ga idonta ya kawo ruwa. Shin ina da zunubi tunda ban san ƙarya bane? Dole ne na biya ta? Sannan Malam ni yanzu ko karatun wane malami na gani a waya zuciyata ba ta yarda, har na fara tunanin na daina saurare gaba ɗaya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar wa gwaggonka da mafi alheri, kai kuma wannan rashin barcin da kake yi alama ce ta zuciya mai rai, Allah ya ƙara mata rai.

Zan fara da maganar zunubi domin ita ce babba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Zunubin ƙirƙirar ƙaryar ba ya kanka, yana kan wanda ya zauna ya saci fuskar malami da muryarsa ya saka masa maganar da bai faɗa ba don ya ci dukiyar mutane. Wannan mutumin ya haɗa ƙarya da ƙazafi da damfara a aiki ɗaya, kuma akwai hadisin Samura ɗan Jundub a cikin Bukhari, na mafarkin da Annabi (SAW) ya ba da labari, inda ya ga ana tsaga wa wani mutum gefen bakinsa da hancinsa da idonsa har zuwa ƙeya, aka ce masa wannan shi ne mutumin da zai fito daga gidansa da safe ya yi ƙarya ta kai sasannin duniya. Da can in muna karanta wannan hadisin sai ɗalibi ya tambaya ta yaya ƙaryar mutum ɗaya za ta kai ko'ina a yini guda, yau ba mai wannan tambayar.

Amma kai ma ba ka fita fes ba. Laifinka shi ne sakaci, ka ɗauki labari ka isar ba ka bincika ba, kuma shari'a ta ba wannan suna. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ka lura fa, ba a ce ya ƙirƙira ba, ya ji ne kawai ya faɗa. A nan wurin dai Ibnu Wahab ya ce Imamu Malik ya gaya masa, ka sani mutumin da yake faɗin duk abin da ya ji ba zai kuɓuta ba, kuma ba zai taɓa zama shugaba abin koyi ba yana wannan halin.

Toh ita wannan kalma "kamar yadda aka turo min" da ka rubuta, na san mutane da yawa suna ganin kamar wanke hannu ce, ka rubuta shikenan ka sauke nauyi. Ba ta wanke komai ɗan'uwa. Ita ce "wai" ɗin zamani, ita ce "an ce". Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce tir da abin hawan mutum ya zama "wai sun ce", kuma a hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke Bukhari da Muslim, cikin abubuwan da Allah ya ƙi mana akwai "an ce, ya ce". Ka tambayi kanka tsakani da Allah, gwaggo da ta ga bidiyon nan, sunan wa ta gani a samansa? Ba ta san abokinka ba, ba ta san wanda ya turo wa abokinka ba. Kai ta sani, ɗan ɗan'uwanta mai ilimin boko wanda ya iya waya, kuma admin. Da ganin sunanka ta ɗauka an tace. Duk wanda ya danna tura ya zama mai ruwaya, ya ara wa labarin mutuncinsa, ko ya rubuta "aka turo min" ko bai rubuta ba.

Ina so ka buɗe Suratun Nur ka karanta daga aya ta 11 zuwa ta 20 a natse, ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha. Wanda ya jagoranci ƙaryar munafuki ne, Abdullahi ɗan Ubayyu, wannan ba abin mamaki bane. Abin da yake sa ni kuka a ƙissar shi ne waɗanda suka taya yaɗawa, Misɗahu ɗan Usasa wanda ya halarci Badar kuma Sayyidina Abubakar ne yake ciyar da shi, da Hassanu ɗan Sabit mawaƙin Annabi, da Hamnatu 'yar Jahshi. Mutanen kirki ne, ba su suka ƙirƙira ba, ji suka yi suka maimaita, kuma aka tsayar musu da haddi. Wata guda Madina tana cikin wannan baƙin ciki. A aya ta 15 Allah ya ce kuna karɓar maganar da harsunanku, kuna faɗa da bakunanku abin da ba ku da ilimi a kansa, kuna zaton abu ne mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Da kunne ake karɓar magana, amma Allah ya ce da harshe, wato maganar ba ta ma bi ta hankali ba, daga harshe sai harshe. Mu yanzu da babban yatsa muke karɓa, wani ko bidiyon bai gama kallo ba ya riga ya watsa shi guruf biyar.

Za ka ce min Malam ai na ga fuskarsa na ji muryarsa, me kuma ya rage? Wannan uzuri ne na gaske kuma yana rage maka nauyi, ban raina shi ba. Mun taso ana ce mana gani ya kori ji. Sai dai wannan karin maganar an yi ta ne lokacin da ido ba ya ganin abin da bai faru ba. Yau da ƙirƙirarriyar basira mutum zai ɗauki karatun malami na 'yan mintuna, na'ura ta koyi muryarsa, sannan ya rubuta duk abin da ya ga dama ta karanta da wannan muryar, a daidaita motsin leɓe a kan tsohon bidiyonsa. Malamai kuwa su suka fi sauƙin a yi musu haka, domin sa'o'i ɗaruruwa na tafsirinsu suna nan a intanet kowa zai iya saukewa. Kuma akwai maganar Abdullahi ɗan Mas'ud a gabatarwar Muslim ɗin dai da duk lokacin da na karanta sai tsigar jikina ta tashi. Ya ce Shaiɗan yakan rikiɗa da siffar mutum ya zo wa jama'a ya gaya musu ƙarya, su watse, sai wani a cikinsu ya ce na ji wani mutum, na san fuskarsa amma ban san sunansa ba, yana faɗin kaza. Ka ga tun wancan lokacin sahabi yake koya mana cewa sanin fuska ba hujja bace.

Me ya zama hujja kenan? Abin da malaman hadisi suka tsaya a kai, isnadi, wato daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji. Ibnu Sirin ya ce da ba a tambayar isnadi, da fitina ta auku sai aka ce ku faɗa mana mazajenku, wato waɗanda kuka ji daga gare su. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Mu al'ummar da ta tace maganar Annabinta mutum bayan mutum, bai dace a ce mu ne kuma muka fi kowa saurin haɗiye saƙon da ba shi da uwa ba shi da uba ba. Bidiyon da aka turo maka isnadinsa shi ne abokina, daga wani guruf, daga wanda ba a sani ba. A ilimin hadisi wannan ko kallo ba a yi masa. Da ka leƙa shafin malamin na gaskiya inda ake saka karatunsa, ko ka kira ɗaya daga cikin almajiransa, minti biyar ya isa.

Sannan ba isnadi kaɗai suke dubawa ba, suna duba maganar kanta. A ce ka kawo dubu 150 a ba ka dubu 300 cikin sati biyu, tabbas, ba asara, ba ka san me ake saya me ake sayarwa ba. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san wannan in ba cin kuɗin ruwa bane to damfara ce, domin kasuwancin halal ba a lamunce maka riba a cikinsa. Da ka tsaya ka ce anya malamin da ya shekara yana mana wa'azi a kan cin kuɗin ruwa zai faɗi haka, da ka gane. Kuma ba yau aka fara ba, MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, duk salon ɗaya ne, abin da ya ƙaru kawai yanzu suna ɗaura wa damfarar rawani.

Ayar da ta zama ginshiƙi a wannan babi ita ce ta 6 a Suratul Hujurat, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku nemi bayani, kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama a kan abin da kuka aikata. A wata ƙira'ar "fatasabbatu", ku tabbatar. Wanda ba a san shi ba kwata-kwata, lamba ce kawai ko shafi mai sunan bogi, ai bai fi fasiƙin da aka sani matsayi ba. Kuma ka dubi ƙarshen ayar, nadama, ita ce kake ciki yanzu. Ko Annabi Sulaimana da alhudahuda ya kawo masa labarin Saba'u cewa ya yi za mu duba, gaskiya ka faɗa ko kana cikin maƙaryata.

Na san niyyarka alheri ce, so kake danginka su samu. Yawancin ƙaryar da ta yi mana ɓarna da kyakkyawar niyya aka yaɗa ta. Ba zan manta wani dare a watan Agustan 2014 ba lokacin Ebola, tun kafin kiran assalatu wayata take ƙara, 'yan uwa ne kowa yana cewa Malam ku tashi ku yi wanka da ruwan gishiri ku sha, maganin cutar kenan. Da na fito masallaci na tarar da wani dattijo maƙwabcinmu mai hawan jini, wuyansa duk farin gishiri ya bushe, yana gaya min kofi biyu ya sha. Shi Allah ya kiyaye shi, amma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu a ƙasar nan, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Duk wanda ya kira wani a daren nan don ƙauna ya kira. Haka takardar nan ta wasiyyar Shehu Ahmad mai gadin kabarin Annabi, wadda ake cewa in ka raba kwafi kaza za ka yi arziki in ka ƙi musiba ta same ka, muna yara ana rabata a ƙofar masallaci, Shehu Ibnu Baz ya yi rubutu ya bayyana ƙarya ce, amma ga ta nan har yau ta koma WhatsApp tana yawo. Irin wannan ma ya fi naka haɗari domin jingina wa Annabi (SAW) magana ne, kuma ya ce wanda ya ba da hadisi daga gare ni yana ganin ƙarya ne to shi ma ɗaya ne daga maƙaryatan.

Yanzu maganar biya. A ƙa'idar fiƙihu idan aka samu wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi, ana ɗora lamuni ne a kan mai hannun, kuma mai hannun a nan shi ne ɗan damfarar da kuɗin ya shiga asusunsa. Malamanmu na Malikiyya kuma sun bambanta ruɗi na aiki da ruɗi na magana kawai, abin da ya shahara a wurinsu shi ne magana zalla ba ta wajabta biya. Kai ba ka san ƙarya bace, ba ka karɓi kuɗinta ba, ita ta tura da hannunta. Don haka bisa yadda ka ba da labari, biyan dubu 150 bai zama wajibi a kanka ba. Sai dai in akwai abin da ba ka faɗa min ba. Idan ka ce mata gwaggo zuba, in ya salwanta ni zan biya, to ka ɗauki lamuni sai ka cika. Idan kuma linkin da ka tura irin wanda ake ba mutum kamasho ne in wani ya shiga ta hanyarsa, kuma an ba ka ko naira ɗaya, wannan kuɗin ba naka bane, cikin kuɗin waɗanda aka zalunta aka yanko maka, ka mayar mata.

Wannan hukunci kenan. Amma ni in shawara ta za ka bi, kada ka tsaya a kan iyakar wajibi da 'yar uwar mahaifinka. Matar da ta yi watanni tana zubin adashe, Allah kaɗai ya san me ta ƙulla za ta yi da shi, ko kayan ɗakin 'ya ko jari. Ka je har ɗakinta ka zauna a ƙasa ka ce gwaggo ni na jawo, ki yafe min. Kar ka tura mata saƙo, ka je da ƙafarka. Sannan abin da za ka iya, ko dubu goma goma ne duk wata, ka riƙa kai mata, in dangi za su taimaka a haɗa mata to madalla. Ku kuma kai ƙara banki da wurin hukuma da lambar asusun da aka tura kuɗin, ko ba a dawo da su ba wataƙila a tsare wani.

Tubarka kuma tana da sharaɗi ɗaya da mutane suke tsallakewa. Allah ya ce a Baƙara aya ta 160, sai waɗanda suka tuba suka gyara suka bayyana. Goge bidiyon a ɓoye bai isa ba. Inda ka watsa nan za ka koma ka warware, a guruf ɗin nan na mutum saba'in, da sunanka, ka ce bidiyon da na turo ranar kaza ƙarya ne, malam bai faɗa ba, duk wanda ya tura wani wuri dan Allah ya bi shi da wannan gyaran. Ka sanar da abokin da ya turo maka. Akwai haƙƙin malamin ma a kanka domin ka taya yaɗa abin da ya zubar masa da mutunci, wanke shi a bainar jama'a shi ne biyan wannan haƙƙin. Na san da nauyi, mutum ya ce na yi kuskure a gaban ƙannensa da surukansa, amma nauyin nan ya fi sauƙi a nan duniya.

Tunda kai ne admin, amana ce a hannunka gwargwadon ikonka. Ba a ce ka kwana kana gadin waya ba, kuma abin da wani ya turo ba ka gani ba ba a kama ka da shi. Amma abin da ka gani ka san ƙarya ne ko zai cutar, kana da ikon gogewa, sai ka goge ka yi wa mai shi magana da ladabi ta gefe, musamman in babba ne. Ka fi sa ido a kan saƙon tsoro, an ga ɓarayin yara a unguwa kaza, ga hoton infoma, za a kawo hari daren yau. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i a kan wannan ta sauka, idan wani al'amari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, da sun mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari da masu iya tantancewa sun san shi. Naka ya tsaya a kuɗi, na wasu hoton bawan Allah aka yaɗa aka ce ɓarawo ne, kafin gaskiya ta fito an kashe shi.

Saura maganarka ta ƙarshe, cewa za ka daina sauraron karatu gaba ɗaya. Wannan ita ta fi damuna a duk tambayar. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, na fahimta, amma kada ka yi. Babbar ɓarnar ƙarya ba a kan wanda ya yarda da ita kaɗai take tsayawa ba, tana sa a daina yarda da gaskiya ma. Mun ga haka a Kano. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara 11 suka rasu cikin kusan 200 da aka saka a gwajin, amana ta karye. Da aka zo 2003 ana maganar rigakafin shan inna, zukata sun riga sun rufe, aka dakatar da shi kusan shekara guda, cutar ta ƙaru ta tsallaka ƙasashe, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye, sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Shi ya sa nake gaya wa hukumomi da mu malamai kanmu, duk ranar da muka ɓoye gaskiya ko muka hau mumbari da labarin da ba mu tantance ba, mun buɗe wa 'yan ƙanzon kurege ƙofa da hannunmu. Yanzu ma har an fara samun wanda zai faɗi magana da bakinsa, in ta zame masa matsala ya ce AI ce, wannan ma ƙarya ce kuma zunubinta ɗaya.

Allah bai ce ku ƙaryata labari ba, cewa ya yi ku bincika. Malaman hadisi da suka ga an ƙirƙiri hadisai dubbai ba su watsar da hadisi ba, zama suka yi suka tace. Kai ma haka za ka yi. Ka ɗauki karatun malam daga shafinsa da aka sani ko tashar da take ɗaukar karatunsa, cikakke, ba guntun sakan talatin da aka yanko ba. Hoto in ka yi shakka ka saka shi a Google Lens zai nuna maka inda ya taɓa fitowa, sau da yawa za ka tarar na wata ƙasa ne na shekarun baya, akwai kuma masu aikin tantance labari irin su Dubawa. Duk saƙon da ya ce maka yi sauri ka tura kafin a goge, ko in kana son Annabi ka tura wa mutum goma, to nan ne wurin tsayawa. Wanda ka kasa tabbatarwa ka bar shi a wayarka, ba za a tambaye ka ranar ƙiyama don me ba ka tura ba, Allah ya ce a Isra'i aya ta 36 kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Kuma in akwai majalisin karatu a unguwarku ka riƙa zuwa ka zauna gaban malami da kanka ko sau ɗaya a sati, in wani abu ya shige maka ka tambaye shi baki da baki.

Ka gaida gwaggo, ka ce muna mata addu'a Allah ya mayar mata da ninkinsa ta hanyar halal.

Wallahu a'alam.